Mushe Seyni, Mutumin Da Ya Naɗe Tabarmar Baƙi A Galmi

Da an idar da sallar asuba a Ƙwanni, Mushe Seyni, wato Malam Seyni a bakin masu Faransanci, ba ya komawa shimfiɗa. Yakan sha kununsa a tsaye, ya goge sirdin tsohon motonsa, wato babur, da gefen riga, ya rataya jakar fata, ya hau gudron, titin kwalta, ya nufi gabas. Masu shayin Tsarnawa sun san kukan moton nan. Direbobin kamiyon siminti da ke jere a Malbaza sun san shi, har sukan danna masa oda. A can yakan tsaya ya duba ɗalibansa da ke koyon aiki a masana'anta. Ba ya tambayar ɗalibi yadda aiki yake. Hannunsa yake cewa ya gani. In ya ga tafin da laushi, sai ya nemi shugaban sashen su yi magana. Kafin rana ta ɗaga ya iso Galmi, ƙura har cikin gira. Akwai takardu a jakar, amma ba su suka cika ta ba. Goro ne. Shi kuwa bai taɓa cin goro a gabanmu ba.

Jami'a ce ta ajiye shi a ƙasarmu. Ta ba shi ɗan buro, wato ofis, a Ƙwanni da muƙami mai dogon suna na Faransanci. A Hausa, aikinsa shi ne haɗa jami'a da masu sana'a: ya samo wa ɗalibai wurin koyon aiki a kamfanoni da gidajen fatauci, ya jawo malaman jami'a zuwa inda matsala take, ya shiga tsakani idan an saɓa. Bana ya ajiye aiki. Rediyo bai faɗa ba. Ba a rataya masa komai a ƙirji ba.

Ni ba mai yawan yabo ba ne. Lakwal, makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba, da albasa na tsufa. Amma abin da aka yi a gabana zan rubuta shi, don kada a wayi gari a ce abin da kansa ya zo.

Bazabarme ne daga wajen Dosso. Ya zo mana da Hausa karkatacciya, wadda har yau ba ta gama miƙewa ba. Da farko bai sha wahala sosai ba. Masana'antar siminti ta san ɗalibi mai koyon aiki, ta karɓa. Manyan garejin Ƙwanni sun karɓa. Inda ƙafarsa ta maƙale shi ne albasa, kuma albasa ita ce masana'antar ƙasar nan. Ita ke aurar da 'ya'ya, ita ke kai mutum Makka, ita ke hana saurayi tafiya ci-rani. Ana cire ta da bazara, lokacin da ta yi arha kamar ƙasa. Mai hankali yakan zuba ta a rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa a kan itace, ya rufe, ya jira damina ta yi nisa farashi ya tashi. Ran buɗewa kowa ya san abin da zai tarar: sama lafiya, ƙasa baƙin ruwa da wari. Haka muka gada. Mun ɗauka rabon ƙasa ne, dole ta ci nata.

A jami'a akwai wani malami, Dokta Alamin, da ke binciken ruɓewar albasa. Yana da ilimi, ba shi da rudu. Mu muna da rudu. Wannan tazarar ce Mushe Seyni ya ce sai ya rufe.

Ƙofar kuwa ɗaya ce: Alhaji Abarshi. Bagobiri ne, mai gidan fataucin da ya fi kowane girma a Galmi. Kamiyoyinsa na kai albasa Akara da Abijan da Kwatano. Shi ne shugaban 'yan albasa, inda ya sa ƙafa nan sauran ke sawa. Kuma tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasan taubasai tun kakanni: su zagi juna, su kira juna bawa, ba mai fushi. Ran da Seyni ya fara shiga zaurensa, Alhaji ko kai bai ɗaga ba.

"Wa ya saki bawan nan da takalmi?"

"Dukiyata na zo dubawa, Alhaji," in ji Seyni. "An ce kai ke tsare mini ita."

Daga nan suka shaƙu. Alhaji ya yarda a turo masa ɗalibai. Aka sa hannu a takarda, aka ɗauki hoto, aka sha lemo.

A nan aka yi kuskuren, kuma kuskure ne na mutunci, ba na mugunta ba. Ɗalibai suka zo, samari masu tsabtar riga. Alhaji ya dube su ya ga baƙi: baƙin jami'a, baƙin taubashinsa. Ya sa aka shimfiɗa musu sabuwar tabarma a inuwar dogon yaro. Da safe fura, da rana shinkafa da kaza, da la'asar shayi. A ƙasar nan baƙo ba ya aiki. Wanda ya bar baƙonsa ya ɗauki kaya ya zubar da girman gidansa. Ɗaya daga cikin samarin, Fa'izu, ya gaji da zama, ya tashi ya kama kunnen buhu. Labo, shugaban leburorin Alhaji, ya yi tsalle ya fizge.

"Subhanallahi! Baƙon Alhaji da buhu? So kake a yi muna dariya har Madawa? Koma ka zamna, malam, shayi na tahe."

Suka koma jami'a da kumatu. Aka tambaye su yadda ake jera albasa a rudu, ashe ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa. Shekara ta zagayo, aka turo wasu, aka sake shimfiɗa tabarmar. Seyni ya roƙi Alhaji ya sa su aiki. Alhaji ya ce to, kuma da gaske yake, amma da ya ga ɗan mutane ya sunkuya zai ɗauki kwando, sai hannunsa ya ɗaga da kansa ya hana. Shugabannin jami'a suka gaya wa Seyni gaskiya: ba za su ci gaba da tura yara cin kaza ba. Rukuni ɗaya ya rage. In suka dawo kamar na baya, an rufe maganar albasa.

Da wani ma'aikacin ne, da ya rubuta rahoto ya ce mutanen Galmi ba su waye ba. Shi bai rubuta ba. Ya zo ya zauna a kasuwa yana kallo. Ina gefensa ran da wani manomi ya kawo ɗansa wurin mai gyaran injin ban-ruwa. Manomin ya ajiye ƙullin goro. Ya kama hannun ɗan ya sa cikin hannun mai gyara, ya ce, "Ga amana. Ɗanka ne. In ya yi daidai ka koya mishi, in ya karkace ka miƙe shi." Aka shafa fatiha. Ba a gama raba goron ba mai gyara ya ce, "Ɗauki tsintsiya."

Seyni ya bi yaron da kallo har ya fara shara. Sannan ya juyo gare ni.

"Baba Jibo, wannan baƙo ne?"

Na ce, "Wane irin baƙo? Ubanshi ya bada shi. Ɗan gida ne."

Ya tashi ya nufi rumfar masu goro. Tun daga ranar jakarsa ba ta rabu da goro ba.

Kai ne, Seyni, ka ɗauki moton nan ka bi ƙauyuka neman iyayen ɗalibai. Ka je Dogarawa, ka je Illela, ka je Tajaye, ka zauna a ƙofar gidan mutanen da ba su taɓa ganin ma'aikacin jami'a ba. Wani uba ya ce maka, "Na sai da awakina na sa shi lakwal don ya huta da buhu, kai kuma ka zo ka maishe shi ga buhu?" Ba ka yi masa Faransanci ba. Ka ce masa ɗansa zai shugabanci masu ɗaukar buhu wata rana, kuma ba za su ji maganarsa ba in bai san nauyin abin da ke kansu ba. Ka kwana a garin har ya yarda. Ka ɗauko uban a bayan motonka.

Ɗaliba ɗaya ce ta rage, Sahiya, 'yar Tajaye, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin Dokta Alamin. Ubanta ya tafi ci-rani tana ƙarama, can ya rasu. Baffanta ya ce shi ba zai kai mace kasuwar maza ba, kuma ba zai hana ba, ba ruwansa. Uwarta, Kyauta, ta dubi Seyni daga bakin ƙofa.

"Mushe, kana da ɗiya?"

"Ina da su, inna."

"To ka yi mata abin da za ka yi musu. Na ba ka."

Ranar miƙawa zauren Alhaji ya cika. Iyaye suka jeru, kowa da ɗansa, kowa da ƙullin goro. Aka bi su ɗaya-ɗaya, hannu cikin hannu. Da aka zo kan Sahiya, Alhaji ya waiga.

"Ina uban wagga?"

"Ga ni," in ji Seyni.

Zaure ya fashe da dariya. Alhaji ya ce, "Yau ga abu, bawa da ɗiya! Ka san abin da kake ɗauka, Bazabarme? Wanga ba sa hannu ga takarda ba ne. In ta yi ɓarna, kai za a kira. In ta ji kunya, kai ka ji."

"Na sani."

"In an yi mata ba daidai ba cikin gidana, kai za ka zo ka tsaya gabana."

"Shi ya sa na zo."

Bai kama hannun 'yar mutane ba. Ya sa goron a tafin Alhaji. Aka kira Hajiya Tsahara, yayar Alhaji, wadda ke shugabantar matan da ke tsintar albasa, ta riƙe hannun yarinyar. Aka shafa. Hajiya ba ta saki hannun ba ta ce, "Tuɓe takalman kwalisar nan, ɗiyata. Ga kwando." Labo ya fita, ya naɗe tabarmar da ke gindin dogon yaro, ya jingine ta a bango. Daga ranar, mutum ɗaya kaɗai ake warware wa ita: Seyni, in ya zo. Shi har yanzu baƙo ne.

Suka yi aiki. Hannuwansu suka yi kauri. Sahiya ta koyi gane albasa da taɓa wuyanta, ta koyi irin wadda Akara ke so da irin wadda Abijan ke so, ta koyi ɗaurin bakin buhu.

Sai wata matsalar ta fito daga cikin maganin. Baƙo ba ya aiki, ɗan gida kuma ba ya gyara wa maigida. Sahiya ta ga abin da ke kashe albasar Alhaji. Ana shayar da gona har jajibirin cirewa don ta yi nauyi. Ana yanke ganye a gindin wuya tun yana ɗanye. Ana tula ta a rudu har sama, mai rauni da lafiyayya tare, a rufe, ba a sake dubawa. Abin da suka yi ta gwadawa ke nan ita da Dokta Alamin a ɗan ɗakinsu na jami'a. Ta sani. Ba ta da bakin faɗa.

Ta tare Seyni a bakin gudron, idonta ja.

"Baba, in na yi shiru, mi na zo yi? In na yi magana, a ce ɗiyarka ba ta da kunya. Kai ka sa ni cikin wanga hali."

"Ni na sa ki," ya ce. "Koma bakin aikinki."

Bai je wurin Alhaji ran nan ba. Ya bari sai da cire albasa ya matso, ya same shi cikin mutanensa, da gangan.

"Alhaji, tambaya gare ni. A Gobir, ɗan gida da ke noma gandun ubansa, ba a ba shi komai nasa na kansa?"

"Ku ji jahilcin Zabarmawa! Ana yanka mishi gamana. 'Yar gonarshi ta kanshi. Ya shuka abin da ya so, yadda ya so. Ko uban ba ya sa mishi baki."

"Ko uban?"

"Ko uban, na ce."

"To ina gamanar ɗiyata?"

Alhaji ya gane an kama shi da bakinsa. Seyni ya ce ba gona yake nema mata ba. Rudu ɗaya, da albasar da za ta cika shi daga fili ɗaya da za ta kula da shi da kanta, ta yi yadda ta ga dama.

Alhaji ya daɗe yana murza gemu. Da ya buɗe baki babu wasa a ciki.

"Na ba ta. Amma ka ji, Seyni." Ranar ce na fara jin ya kira shi da sunansa. "Rudu guda abincin gidaje ne. In ta ruɓar da shi, ba ni son ramuwa, ko albasa ɗaya. Ka kwashe yaranka dut ka bar Galmi. Ba gidana kaɗai ba. Ni zan gaya wa sauran."

Kowa a zauren ya san zai iya. Seyni ma ya sani. Aikin shekarunsa ne aka ajiye a tsakar zaure, da wurin duk ɗaliban da ke tafe a baya.

"Na yarda," ya ce.

Da Dokta Alamin ya ji, ya ce masa, "Ka ɗora komai a kan rudu ɗaya?" Seyni ya ce, "Ba ni da wani wurin ɗorawa. Kuma kai ma za ka zo." Ya zo kuwa, a bayan moto, yana riƙe da hularsa. Dokar Seyni ke nan a duk haɗin da ya ƙulla: ba mai ba wani sadaka, kowa ya kawo abu da hannunsa. Alhaji ya ba da itace da kara da albasa. Jami'a ta ba da na'urar auna zafi da laima, ta ba da malaminta. Sahiya ta zana rudu mai gadaje hawa-hawa a ciki, da tagogin iska. Labo ya dubi zanen ya ce ƙofar na kallon gabas, ruwan damina kuwa daga gabas yake dukanmu. Dokta ya ce gaskiya ne, aka juya ta yamma.

Sahiya ta yanke wa filinta ruwa tun da saura. Ta bar albasar ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe, sannan aka yanke ganye aka bar ɗan tsawo. Ta ware duk mai rauni. Amalanken da suka cika rudun Alhaji na kusa da nata, daidai adadinsu ne suka cika nata.

Sannan damina ta sauka, mai nauyi.

Ga wahalar da ba wanda ya hango. Rudun Alhaji a rufe yake, abin da ke ruɓewa a ciki ba mai gani. Sahiya kuwa buɗe nata take yi a kai a kai, ta shiga da matan Hajiya, su tsince wadda ta fara lalacewa kafin ta shafi 'yan'uwanta. Sai a ga kwando ya fito, a zubar a bola, a idon kowa. Kasuwa ta samu abin magana. "Ɗiyar Bazabarme na ciyar da bola." Leburori suka sa wa rudun suna Iniversite, wato jami'a. In moto ya tsaya sai wani ya ɗaga murya, "Mushe, an hwara ɗaure kaya, ko sai an ga wata?" 'Yan kasuwar da suka yi alkawarin karɓar ɗalibai baɗi suka aiko a dakata tukuna.

Kai ne, Seyni, ka ci gaba da zuwa. Ruwa ya cinye hanya, ka zo da taɓo har gwiwa. Ka rame, wuyan rigarka ya yi maka yawa. Na gan ka wata rana ka tashi daga tabarma ka nufi ƙofar rudun, bayan an fito da kwando mai wari. Hajiya Tsahara ta tare ka da hannu ɗaya.

"Ina za ka?"

"In duba kawai, Hajiya."

"Gamana ce. Kai ka roƙa. Ko uba ba ya shiga."

Ka tsaya. Ka dubi yarinyar, ita ma ta dube ka. Ba ta ce maka komai zai yi daidai ba, don ita ma ba ta tabbata ba. Ka koma ka zauna. A duk abin da ka yi, komawar nan ce ta fi girma a idona. Na ga masu ƙulla abu da yawa a rayuwata. Kaɗan na gani da suka iya sakin hannu bayan sun ƙulla.

Gero ya fitar da kai, farashi ya tashi, kamiyon Akara ya zo ya tsaya a bakin gudron. Alhaji ya ce a buɗe rudun biyu rana ɗaya. Bai kira kowa ba, amma Galmi ta zo. Dokta Alamin ya zo. Kyauta ta zo daga Tajaye a motar kasuwa, ta tsaya can baya cikin mata.

Aka fara da na Alhaji. Kamar kullum: sama jawur tana ƙyalli, da aka yi ƙasa sai wari ya taso, leburori suka ɗaure hanci da rawani. Aka tsince, aka ɗura mai kyau a buhuna, aka jera su layi ɗaya daga ƙofar rudu. Layin ya kai gindin dogon yaro ya tsaya. Ba wanda ya yi mamaki. Shekara mai kyau ma haka take.

Aka buɗe na Sahiya. Gadon sama, lafiya. Na ƙarƙashinsa, lafiya. Labo da kansa ya durƙusa ya zura hannu a gadon ƙasa, inda baƙin ruwa ke zama. Hannun ya fito a bushe, da ɓawon albasa yana ƙara kamar takarda. Ya dubi hannun. Ya sake zurawa. Aka fara jera buhuna gefen na Alhaji. Layin ya kai dogon yaro. Ya wuce. Ya wuce rumfar mai shayi. Leburorin da suka sa wa rudun suna, su ne ke gudu da buhuna a ka suna ihu, "A ba Iniversite hanya!" Buhun ƙarshe a kan gudron aka ajiye shi, sai da direban kamiyon ya ja baya. Matan Hajiya suka rangaɗa guɗa. Kyauta ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Alhaji ya taka a hankali daga farkon layin har ƙarshensa. Ya sa aka kwance buhu, ya ɗauki albasa ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya shinshina. Ya juyo.

"Bazabarme."

"Na'am, bawana."

"Ɗiyarka ta hi ka hankali."

"Ɗiyarka ce, Alhaji. Da hannuna na ba ka, gaban shaidu."

Alhaji ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya kira Sahiya, ta durƙusa. Ya ce, "Baɗi rudun gidan nan dut gamanarki ne. Abin da kinka gani ba daidai ba, ki hwaɗa mini. Na ba ki baki."

Seyni ya zame daga cikin taron. Ya zagaya bayan rudun, ya daɗe. Da ya fito idonsa ja, ya ce albasa ce. Mun tsufa a sana'ar nan, mun san albasar da ba a yanka ba ba ta sa hawaye. Ba wanda ya ƙaryata shi.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Waɗanda suka ce a dakata, su suka fara zuwa buronsa a Ƙwanni suna neman ɗalibai. Jami'a ba ta rufe maganar albasa ba, ƙara ta ta yi. Yau daga Galmi har Tsarnawa za ka ga rudu mai tagogi, ƙofa na kallon yamma. Masu garejin Ƙwanni da masu injin niƙa a Illela sun ɗauki tsarin: uba ya zo, a miƙa, a ba ɗalibi gamanarsa, inji ɗaya ko kusurwa ɗaya da zai gwada abin da ya karanto. Ba duka suka yi nasara ba. Akwai wanda ya lalata tasa, Seyni ya je ya tsaya gaban maigidan ya sha faɗa a matsayin uba, shekara ta zagayo ya kawo masa wani. Fa'izu, wanda aka fizge wa buhu, ya dawo da ƙafarsa bayan ya gama karatu, ya kawo ubansa aka miƙa shi. Yanzu shi ke raka kaya Abijan. Sahiya ce ke riƙe da mangazar gidan Abarshi, wato ma'ajiyar kayansa, gaba ɗaya, kuma ita ke karɓar ɗalibai mata hannu da hannu tun da ƙafar Hajiya ta yi nauyi.

Da lokacin ajiye aikinsa ya yi, ya zo Galmi sallama. Ya ce Dosso zai koma. Ya kashe moto a gindin dogon yaro, ya tsaya inda ya saba tsayawa a kawo tabarma. Ba a kawo ba. Tana jingine a bango, a naɗe. Labo ya wuce shi da buhu, ko dubanta bai yi ba. Alhaji na zaune a ƙofar zaure, sanda a gefensa, yana kallon wani wuri. Seyni ya yi sallama, aka amsa. Ya ci gaba da tsayuwa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗauka ya yi wani laifi.

Sai Hajiya Tsahara ta fito tana dafa bango, da kwando a hannu. Ta dangwara masa shi a ƙirji.

"Mi kake tsaye kamar baƙo? Ga albasa can na jiran tsinta."

Ya dubi kwandon. Ya dubi Alhaji.

"Mun gaji da shimhiɗa maka tabarma," in ji Alhaji. "An yanka maka wuri bayan mangaza, ka gina. Gamanarka ce. Dosso ta yi haƙuri, ban sallami bawana ba."

Seyni ya ajiye jakar fata a ƙasa. Ya tuɓe takalmi. Ya naɗe hannun riga, ya je ya durƙusa cikin ɗalibansa. Sahiya ta matsa masa wuri, ta ce, "Baba, wuyan ake hwara taɓawa."

Mushe Seyni, mai jakar goro, uban 'ya'yan mutane. Kai ne ka zo ƙasar da ba taka ba, ba ka raina al'adarta ba, kuma ba ka bar al'adar ta tare wa 'ya'yanta hanya ba. Da ita ka buɗe ƙofar da ita ta rufe. Abin da ƙasa ke cinye mana duk shekara, ka karɓo shi ka mayar gidajen mutane. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka daɗe a gamanarka.

Ku kuma da ke zaune a buro, durowa cike da takardun haɗin gwiwa, ku fito. Ku je inda ake aikin, ku zauna ku yi kallo kafin ku yi magana. Ku masu kamfani da masu fatauci, in an kawo muku ɗan jami'a kada ku kashe shi da kaza. Ku ba shi kwando. In ya iya, ku ba shi gamana, ku ba shi baki.

Wanda ke son ganin yadda ake yi, ya zo Galmi da hantsi. Zai tarar da wani tsohon Bazabarme cikin mata da ɗalibai, ƙafa ba takalmi, yana tsintar albasa, Hajiya na yi masa faɗa wai yana jinkiri. Mai zuwa kallo za mu shimfiɗa masa tabarma. Seyni ya wuce wannan.